Gurbin Mabuɗi

A unguwar ba wanda yake kiransa da sunansa. Magini ake ce masa, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan bulo, kuma yana da ɗabi'ar rufe ido ɗaya duk sanda ya tsaya gaban bango, ko da gaisuwa ce ta kai shi gidan. Ba a gayyatarsa ganin sabon gida sau biyu. Sai ya ci abincinka, ya sha ruwanka, sannan ya gaya maka a gaban baƙi cewa kusurwar falonka ta karkace. Abin haushin kuwa shi ne in ka kawo igiyar awo ka gwada, sai ka ga gaskiya ya faɗa.

Gidajen da ya gina suna da yawa a garin, kuma ba a bukatar tambaya kafin a gane su. A gefen hagu na ƙofar shiga, daidai gwiwar babban mutum, yakan bar wani ɗan gurbi a jikin bango, faɗin rabin bulo, ya shafe cikinsa da siminti sumul. Wurin ajiye mabuɗi ne. Masu gida sun sha yin ƙorafi, wai ya nuna wa ɓarayi hanya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, ɓarawo saman ƙofa yake lalube, ba ya sunkuyawa. Wanda bai so ba, sai ya toshe abinsa bayan ya tafi, amma shi dai ba zai gina ƙofa babu gurbin ba.

Asalin abin daga ɗansa ne. 'Ya'yansa mata biyu sun riga sun yi wayo lokacin da aka haifi namijin, Auta, wanda daga shi ba a sake haihuwa ba. Wata rana yana ajin farko aka tashe su makaranta da wuri. Uwarsa na wurin aikinta na wanki a asibiti, yayyensa ba su dawo ba, ga hadari ya haɗo. Yaron ya zauna a bakin ƙofa ruwa ya ƙare a kansa, ya kwana biyu yana zazzaɓi. Da yaron ya warware, sai Magini ya ɗauko guduma ya fasa bangon gidansa da kansa, ya sa shi ya miƙa hannu don a auna, ya ce masa daga yau ko ba kowa a gida, kai dai ka duba nan. Wannan shi ne mafi taushin abin da ya taɓa yi wa ɗan nasa, kuma da guduma ya yi shi.

Bai so Auta ya gaji ɗaukar siminti ba. Ya tura shi makaranta har inda ƙarfinsa ya kai, har ma ya wuce inda ya kai. Sai dai lokacin hutu yakan tafi da shi wurin aiki, wai don ya san daga inda abinci yake fitowa. A nan ne wata rana, Auta ya fara zama saurayi, ya roƙi a bar shi ya ɗora bango da kansa. Ya wuni yana yi, rana ta dafa masa ƙeya. Da la'asar uban ya zo, ya rufe ido ɗaya, ya sa ƙafa ya ture bangon tun simintin bai kama ba. Leburori suka yi dariya. A ganin Magini darasi ya koyar, don shi ma haka aka koya masa, kuma kafin su isa gida ya manta. Auta bai sake taɓa cokalin gini ba.

Ya gama karatu da sakamako mai kyau, aka yi murna, aka sa takardar a gilashi. Daga nan sai yawon neman aiki. Ya goge takalmi ya fita, ya dawo da ƙura, gobe ma haka, har takalmin ya buɗe baki. A hankali fitar ta ragu. Ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani abokinsa da zai bar gari, ya shige ɗaki da ita, ya sa abin sauraro a kunne. Da farko yakan fito cin abinci. Daga baya uwarsa ce take ajiye kwano a bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauka.

Magini ya gwada duk abin da ya iya, kuma abin da ya iya bai wuce faɗa da kayan aiki ba. Ya yi tsawa har muryarsa ta dushe. Ya yanke wayar wutar ɗakin, Auta ya jona ta taga. Ya kwance ƙofar ɗungurungum ya jingine ta a tsakar gida, Auta ya rataya bargo ya juya baya. Sai da Maman Auta ta yi kuka ta ce ko dabba ana barin ta da rufin asiri, sannan ya mayar. Ranar da yake ɗaura ƙofar ne ya faɗi maganar da ta ƙarasa komai. Ya ce shi bai san ɗa ya haifa ko kayan ɗaki ba. Tun daga ranar ba su sake haɗa magana ba. Gida ɗaya, bango ɗaya tsakani, bangon ma shi ya gina shi, kuma ya gina shi da kauri.

Shekaru suka ja. Gwiwoyin Magini suka fara ƙi, aiki ya koma hannun matasa masu injin. Ya zama mai gyaran tsaga da toshe yoyo. Gyaran tsaga ne ma ya kai shi zauren coci wata Asabar da rana, lokacin da ƙaramin fasto, wani matashi mai gilashi da aka turo musu, ya shirya nuna wa matasa fim. Dattawa sun yi gunaguni, wai yaushe coci ta zama sinima. Magini dai ya gama aikinsa, ya zauna a bencin baya yana jiran gwiwarsa ta huce, aka rufe tagogi da labule.

Fim ɗin na wani gari ne da ya lalace, ba ruwa ba aiki. Wani masani ya ƙera wata duniya a cikin na'ura, mai lambuna da koguna, inda ba yunwa ba tsufa. Mutane suka riƙa kwanciya ana jona musu wayoyi suna shiga, har suka manta akwai waje, jikkunansu kuwa suna nan suna bushewa a kan gadaje. Da masanin ya ga abin da hannunsa ya yi, bai kashe na'urar ba. Sai ya shiga da kansa, a siffar mai shara, yana bi gida gida yana kiran kowa da sunansa na waje. Suka yi masa ba'a, suka kore shi, a ƙarshe suka hallaka shi. Amma wata yarinya ta tuna sunanta, ta buɗe ido a kan gado, fim ya ƙare.

Ƙaramin fasto ya tashi cike da zumuɗi. Ya yi maganar lambun farko, da yadda mutum yake ɓuya idan an kira shi. Ya yi maganar Mahalicci da bai tsaya daga sama yana tsawa ba, sai ya sauko cikin abin da ya halitta, ya ɗauki siffar bawa, nasa kuwa ba su karɓe shi ba. Ya kawo labarin ɗan nan da ya bar gidan ubansa, da uban da yake leƙen hanya. Sannan ya ce ko akwai mai tambaya. Matasa dai jira suke a raba lemo. Daga baya Magini ya ɗaga hannu mai farin siminti.

"Fasto, ita yarinyar da ta farka, da ta fito me ta tarar? Garin ya gyaru ne?"

Faston ya ce fim ɗin bai nuna ba, amma muhimmin abu shi ne ta farka. Magini ya gyaɗa kai don ladabi. Amsar ba ta cika masa ciki ba, sai dai wani abu dabam ya maƙale masa. Shi duk shekarun nan daga waje yake tsawa. Bai taɓa shiga ba.

A bakin titinsu akwai shagon kwamfuta na wata mata, gwauruwa mai kaifin baki, wadda a wurinta Auta ya fara koyon wasan kwamfuta kafin ya sami tasa. Da Magini ya faɗa mata abin da ya kawo shi, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta dubi fuskarsa ta daina. Ta ce ta san inda yaron yake. Wata duniya ce ta gini a cikin kwamfuta, mutane daga ko'ina suna haɗuwa suna sare itace, suna fasa dutse, suna kafa garuruwa. Auta yana da garinsa guda, shi ya kafa, kuma a can Shugaba ake ce masa. Ta gargaɗe shi da abu ɗaya, kada ya kuskura ya yi magana da murya. Ya rubuta kawai, ya ce na'urarsa ba ta da abin magana.

Koyon ya ba shi wuya. Yatsun da suka saba da bulo suna danna maɓalli biyu a lokaci guda. Mutum-mutuminsa na cikin wasan ya faɗa rami, ya nutse a kogi, ya yi ta karo da bishiya ɗaya kamar makahon rago. Mai shago takan ce, Baba, wannan bishiyar dai ba ta yi maka komai ba. Haka ya riƙa zuwa kullum bayan azahar, yana zama a kujerar lungu ƙarƙashin fanka mai ƙara, har ya iya tafiya ba tare da ya mutu ba. Sannan mai shagon ta kai shi ƙofar garin.

Abin da ya gani ya sa ya cire hularsa. Tituna a miƙe, magudanar ruwa a inda ya kamata, gada mai baka uku a kan kogi. Ya rufe ido ɗaya ya duba ganuwar garin daga wannan kusurwa zuwa waccan, bai sami abin cewa ba. Yana tsaye haka sai murya ta shigo kunnensa, tana yi masa sannu da zuwa, tana tambayarsa ko sabon shiga ne. Muryar Auta ce. Ta yi kauri fiye da yadda ya san ta, kuma akwai dariya a cikinta. Magini ya nemi harafi ya rasa, hawaye ya hana shi ganin maɓallan. Mai shago ce ta miƙo hannu ta rubuta masa "e".

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗin da ya yi tun tsufa ya kama shi, kuma ya san na sata ne. A garin aka sa masa suna Baƙo. Yana ɗaukar duwatsu, yana share hanya, lebura sosai a ƙarƙashin ɗansa. Auta kuwa shugaba ne mai haƙuri, abin har ya riƙa ba uban kunya. In sabon shiga ya yi gini ya karkace, ba ya rushewa. Sai ya ce kai, ka yi ƙoƙari, zo mu ga yadda za mu tallafe shi ta nan. Yana raba faɗa, yana tambayar wanda ya kwana biyu bai shigo ba ko lafiya. Da ya lura Baƙo yana da jinkirin rubutu, sai ya riƙa jiransa, ba ya katse shi.

Wata rana suna aikin wata sabuwar gada su biyu, Baƙo ya yi ƙarfin hali ya rubuta, a ina ka koyi gini haka. Auta ya ce babansa magini ne, kuma duk garinsu ba kamarsa. Ya ce tun yana yaro yake kallon hannunsa. Baƙo ya rubuta, to ya ga wannan garin naka? Auta ya yi wata gajeriyar dariya.

"Shi? Ai da ya shigo nan, ƙafa zai sa. Nan ne kaɗai wurin da na taɓa ɗora abu ya kwana a tsaye."

Magini ya koma gida ran nan bai iya cin abinci ba. Ya so ya gaya wa matarsa, ya fasa, don ya san bakinta ba ya riƙe farin ciki. Ita kuwa ta lura da canji ta wani gefen. Ta ce masa, Baban Auta, kwanan nan ka daina buga ƙofa in ka shigo, kuma jiya na ji yaron nan yana waƙa a ɗaki. Ta fara ƙara nama a kwanon da take ajiyewa. Magini ya riƙa shirya yadda zai bayyana kansa. Gobe, in an gama gada. Jibi, in an gama kasuwa. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, don Baƙo yana da ɗa, shi kuwa ba shi da shi.

Da aka gama kasuwar ne Auta ya ce Baƙo ya yi wa gari wahala da yawa, bai kamata ya ci gaba da kwana a rumfa ba. Ya ba shi fili a bakin kogi, wuri mai kyau, ya ce ya gina gidansa yadda yake so. Mai shago ta ce masa ya yi gini irin na 'yan koyo, ya ɗan karkata wani wuri. Magini ya ji, kuma ya yi niyya. Ya ma karkatar da taga ɗaya da gangan, abin da ya yi masa ciwo kamar cire haƙori. Amma hankalinsa duk yana kan kusurwa da taga, yana tsaron abin da ya san za a gane shi da shi. Da ya zo ƙofa, hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da ya nemi izininsa ba. A gefen hagu, ƙasa ƙasa, ya bar gurbi. A duniyar da ba a kulle ƙofa, ba mabuɗi, ba ruwan sama da zai daki yaro.

Auta ya zo ganin gida tare da wasu mutum biyu. Ya yaba rufin, ya yi wa tagar dariya, ya zagayo gaba. Sai mutum-mutuminsa ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin abokan ya ce Baƙo ya manta bulo ɗaya, ya matso zai cike. Auta ya ce ya bari. Ya roƙe su su ba shi wuri, suka fita. Magini yana jin numfashin ɗansa a kunne, kusa fiye da yadda ya taɓa ji tun yana goye.

"Baba."

Magini ya ɗora yatsu a kan maɓallan. Yana da maganganu cike da ciki, waɗanda ya yi watanni yana jerawa. Ya fara neman harafin farko. Wannan karon Auta bai jira shi ba.

"Duk abin da na faɗa, kai nake faɗa wa? Har nan ma, Baba? Nan ɗin ma ba za ka bar mini ba?"

Ba tsawa ya yi ba. Da tsawa ce da Magini ya san yadda zai yi da ita. Allon ya yi duhu, wani rubutu ya fito. Mai shago ta karanta ta ce an fitar da shi daga garin, kuma an rufe masa hanya.

Magini ya tashi zai ruga gida, gwiwa ta ƙi. Sai da ya zauna a dakalin wani shago ya huta, ya sake tashi. Da ya isa ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya tuna duk bugun da ya taɓa yi wa ƙofar nan. Ya ce, Auta, garinka ya yi kyau, ban ga inda ya karkace ba. Bai sani ba ko an ji. Kwanon ranar ya dawo yadda aka ajiye shi, na washegari ma haka.

Ran Lahadi Maman Auta ta matsa masa suka tafi coci, ta ce a kai abin gaban Ubangiji. Ƙaramin fasto ya tare shi a bakin ƙofa da fara'a yana tambayar gwiwa. Magini ya so ya gaya masa cewa ya gwada abin da mai sharar nan ya yi, kuma shi ma an kore shi, sai dai ba wanda ya farka. Ya ga matashin ba shi da laifi, ya ce da sauƙi.

Da suka dawo gidan a kulle yake, alhali a buɗe suka bar shi tunda da mutum a ciki. Maman Auta ta fara lalube jakarta. Shi kuwa ya riga ya gane. Ya dafa bango, ya sunkuya a hankali, ya sa hannu a gurbin da ya fasa da guduma. Mabuɗin Auta yana ciki, da ɗan zaren shuɗi da uwarsa ta ɗaura masa tun yana firamare don kada ya yar. Ɗakin a share yake, an naɗe katifa, ba kwamfuta, ba jaka. Takardar makarantar tana nan a gilashinta.

Yayyen Auta sun yi ta kiran wayarsa, ba ta shiga. Wani ya ce ya gan shi a tashar mota, wani ya ce ba shi ba ne. Mai shago ta shiga da nata suna ta duba, ta dawo ta ce Shugaba ya miƙa garin ga wani ya fita, ba wanda ya san inda ya koma, kuma irin waɗannan duniyoyi ba su ƙirguwa. Ta ce gidan bakin kogi dai yana nan, ba a rushe ba. Magini ya riƙe wannan maganar ya yi ta juya ta, ya kasa sanin ko alheri ce ko kuwa yaron bai ga abin ya isa a sa masa ƙafa ba ne.

Yanzu ba ya gini, ko gyaran tsaga ya bari. In ka bi ta titin da rana za ka gan shi a kan benci a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu, ba ya rufe ido ɗaya ga bangon kowa. Maman Auta ta daina yi masa maganar, ta kuma daina kiransa Baban Auta, sai Magini. Sau ɗaya ta ce ya toshe ramin nan, ganinsa yana tayar mata da hankali. Ya ce to. Ya kwaɓa siminti a kwano, ya zauna kusa da shi har ya bushe.

Mabuɗin yana nan a ciki. Duk safiya sai ya sunkuya ya taɓa, ko an ɗauka, kuma sunkuyawar tana ƙara yi masa wuya.